Don mi gomnati take ƙarfafa ma ƙananan sana'o'i gwiwa? Misalin Nijar

Gabatarwa

Kamin mu shiga cikin magana, ya kamata mu daidaita bisa ma'anar kalmomi. Abin da muke kira ƙananan sana'o'i a nan shi ne duk wani aikin neman kuɗi da mutum guda, ko iyali, ko ƴan mutane kaɗan suke riƙe da shi da jarinsu: tela da ƴan koyonsa, mai garejin gyaran mota, mai yin kilishi, matar da ke tuyar ƙuliƙuli, dukawan Damagaram, manoman albasar Galmi. Tambayar da muke son amsawa ita ce: mi ya sa gomnati, wadda a da ta fi dogara ga manyan kamfanoninta, ta juyo tana neman waɗannan mutane?

1. Lokacin da gomnati take uwa ma ba da mama

Bayan samun mulkin kai a 1960, gomnati ta ɗauki kasuwanci a hannunta. A 1962 aka kafa SONARA don sayen gujiya da fitar da ita waje, da COPRO-NIGER don shigo da kayan masarufi. Da farin 1973-1974 ya karya noman gujiya, sai uraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙowa a 1971, ya maye gurbinta. A wannan zamani, wanda ya gama karatu da difilom yana da tabbacin aikin biro da albashi.

Farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, bashi ya yi ma ƙasa nauyi. Daga 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, daga baya da Bankin Duniya, bisa sharaɗin rage kashe kuɗi. Aka rufe wasu kamfanonin gomnati, aka sayar da wasu, aka tsuke ɗaukar ma'aikata. Babban bankin raya ƙasa, wato BDRN, ya durƙushe a 1990.

2. Dalilai huɗu

Na farko, aikin yi. Ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyan 7 da ƴan kai a Nijar. Ta 2012 ta samu sama da miliyan 17. Babu gomnatin da za ta iya ba wannan jama'a aikin biro. Ma'adinai kuma suna cin jari mai yawa amma ba su ɗaukar mutane da yawa. Kuɗin da za a buɗe ma mutum guda gurbi a masana'antar zamani sun isa su sayi kekunan ɗinki masu yawa, kowane da mai shi da yaransa.

Na biyu, haraji. Yawancin masu sana'a ba su da rajista, ba su rubuta shiga da fita. Gomnati tana ganin su a kasuwa amma ba ta ganin su a takarda. In ta sawwaƙe musu rajista, tana fatan gobe su biya patanti da lampo. Wannan dalili ba a cika faɗinsa a jawabi ba, amma yana da ƙarfi.

Na uku, riƙe dukiya cikin gida. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran guda na Faransa da ake canzawa dala goma ya koma dala ashirin. Kayan waje suka yi tsada, abin da ake yi a gida ya samu kasuwa. Ƙasar da ke sayar da ɗanyar fata ta sayo takalmi, ta bar ribar jima da ta ɗinki ga wasu.

Na huɗu, zaman lafiya. Saurayin da ke da abin yi a garinsu bai cika tafiya cin rani ba, kuma da wuya a saye shi da kuɗi kaɗan don ta da fitina.

3. Ta wace hanya ake taimakon?

Misalai biyu sun isa su nuna cewa niyya kaɗai ba ta wadatarwa. A 1987 aka ƙaddamar da shirin PAIPCE, wanda ya ba ma'aikatan gomnati kuɗi don su bar aiki da son ransu su kafa sana'a. Sakamakon bai kai yadda aka yi fata ba, domin jari ba ya maye gurbin sanin kasuwa. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya yi littafi a kansu a 1986, yawancinsu sun fara ne a matsayin yaran wani maigida, suka shekara suna koyo kamin a ba su jari.

A 1991 kuma ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Mata suna haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda a akwati, su ba junansu rance, ƙarshen zagaye su raba. An gina shi bisa adashi, abin da suka riga suka sani, shi ya sa ya kama ƙasa har ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Ta fannin doka, ƙungiyar OHADA, wadda Nijar take ciki tun yarjejeniyar 1993, ta ƙirƙiro a 2010 wani matsayi mai sauƙi na ƙaramin mai sana'a, wanda sanarwa kawai yake buƙata. A 2014 kuma ta ba kowace ƙasa damar rage miliyan guda na sefa da ake nema a da kamin kafa ƙaramin kamfani.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya cewa ba sadaka gomnati take yi ba. Ciniki ne tsakaninta da masu sana'a. Tana neman su ɗauke mata nauyin marasa aiki, su kuma biya haraji. Su ma suna da lissafinsu: in rajista za ta kawo rance, da wurin zama tabbatacce a kasuwa, da wutar lantarki, da damar samun kwangila, za su fito da kansu. In mai karɓar patanti kaɗai za ta kawo musu, za su ci gaba da ɓuya, kuma ba za a ga laifinsu ba.