Masu Farautar Kaska: Yadda Ake Gano Maɓoyarta a Daji

Kowane makiyayi ya san kaska. Ya san yadda take maƙalewa a hantsar saniya, ta sha jini har ta kumbura kamar ƙwayar gujiya. Da wuya a samu wanda zai bar gida da gangan ya tafi nemanta. Amma akwai mutanen da aikinsu ke nan. Su ne likitocin bisashe da malaman bincike. Sukan shiga daji da farin ƙyalle da ƴan kwalabe, suna tambayar inda kaska ta fi yawa. Wanda ya gan su zai ce ba su da aikin yi. Alhali kuwa lafiyar garke suke nema.

Don me ake nemanta?

Ɓarnar kaska ba ta tsaya ga shan jini ba. Cizonta yana zama gyambo. Yana lalata kan nonon saniya, har maraƙi ya rasa abin tsotsa. Yana huda fata, ya karya mata daraja a kasuwa. Sannan tana ɗauke da cututtuka. Mai zanen baya, wadda namijinta ke da ado ja-ja, ita ke buɗe wa kirci ƙofa. Ita ce kuma ke kawo cutar da ke tara ruwa a jakar zuciyar tumaki da awaki, dabba ta riƙa juyi, ta faɗi tana shure-shure. Wata ƙarama mai launin toka tana sa shanu fitsarin jini.

Mutum ma bai tsira ba. Kaska mai ratsin ƙafa tana yaɗa wani mugun zazzaɓi mai sa zubar jini. An fara lura da shi a Kirimiya a 1944, aka sake samun ƙwayar cutar a Kongo a 1956, shi ya sa ake kiransa zazzaɓin Kirimiya-Kongo. Cikin mutum 100 da ya kwantar, yakan kashe 10 zuwa 40. A 2003 ya ɓarke a Nuwakshot, babban birnin Muritaniya.

A duniya akwai kaska kusan iri 900. Kowace da dabbar da take so, da lokacinta, da maganinta. Kafin a yaƙe ta, sai an san wace iri ce, a ina take kwana, a wane wata take fitowa.

Kaska tana da unguwanninta

Kaska ba ta tashi sama, ba ta tsalle. Mafi yawan rayuwarta a ƙasa take yi. In macen ta ƙoshi da jini sai ta saki dabba ta faɗo, ta shige ƙarƙashin ciyawa ta zuba ƙwai. Mai zanen baya guda ɗaya takan zuba ƙwai fiye da 10.000. Ƴaƴan suna fitowa ƙanana kamar ƙwayar yashi, da ƙafa 6. Su hau zabo ko zomo ko akuya, su sha jini, su faɗo, su saɓe su zama masu ƙafa 8. Su sake hawa wata dabba, su sake faɗowa, sannan su zama manya masu neman shanu.

Babban abokin gabanta a ƙasa shi ne zafin rana da bushewa. Don haka ba ko'ina take iya zama ba. Masu bincike sukan fara duba wurare kamar haka:

1. Fadama, bakin gulbi, bakin tabki da ƙorama, inda ƙasa ke riƙe laima.
2. Gindin manyan itatuwa, inda garke ke hutawa da rana.
3. Burtali da mashaya, inda garkuna da yawa ke wucewa.
4. Tsohon zango da turke, inda bisashe suka daɗe suna kwana.
5. Saura mai duhun ciyawa, inda zomaye da bushiya da zabin daji ke yawo.
6. Tsagar bangon akurki da ramukan ɓeraye, inda wasu irin kaska masu laushin jiki ke ɓuya.

Yawan ruwan sama ma yana nuna hanya. Gaya takan samu kusan milimita 800 a shekara, Maraɗi kusan 500, Agadas kuwa ba ta kai 200. Mai zanen baya ta fi son kudu mai laima. Mai ratsin ƙafa tana jure fari, ana samunta har jikin raƙuman arewa.

Lokaci ma yana da nasa. Manyan masu zanen baya suna fitowa da farkon damana. Ƙananan ƴaƴansu suna yawaita wajen ƙarshen damana, matsakaitan kuwa da ɗari. Wanda ya zo neman manya cikin watan Janairu zai koma da kwalba kusan wayam.

Dabarun masu bincike

Dabara ta farko ita ce tambaya. Malamin bincike yakan fara da gidan hakimi ko mai gari ko arɗo, a haɗa shi da makiyaya. Makiyayi ne ya san fadamar da shanu ke komowa daga cikinta da kaska fal a ƙafa. Shi ya san wurin da kakanninsa suka hana kai garke da farkon ruwa. Abin da baƙo zai yi wata guda yana lalube, makiyayi zai nuna masa da sanda cikin yini ɗaya.

Ta biyu ita ce duba jikin bisashe. Ana zuwa ruga da sassafe kafin a saki garke, ko kasuwar bisashe, ko mahauta. A kayar da dabba, a duba kunne, da wuya, da ƙirji, da hantsa, da ƙarƙashin wutsiya, da tsakanin kofato. Sau da yawa gefe ɗaya na jiki ake ƙirgawa, a ninka biyu. A rubuta inda dabbar ta yi kiwo.

Ta uku ita ce jan ƙyalle. Ana samun farin ƙyalle mai gashi-gashi, mita 1 tsawo, mita 1 faɗi. A ɗaura shi jikin sanda, a sa igiya, a ja shi sannu a hankali bisa ciyawa. Kaskar da ke jira a kan ciyawa sai ta zaci dabba ce ke wucewa, ta kama. Bayan kamar mita 10 sai a tsaya, a juya ƙyallen, a tsince abin da ya kama. Fari ake zaɓa don a ga ƙananan. Ana jira raɓa ta bushe, don jiƙaƙƙen ƙyalle ba ya kamu sosai.

Ta huɗu ita ce tarkon numfashi. Manyan masu zanen baya da masu ratsin ƙafa ba su cika hawa ciyawa su jira ba. A ƙasa suke laɓewa. In sun ji iskar numfashin dabba sai su fito su bi ta da ƙafa. Akwai wata irin ƙanƙara da ba ta narkewa ta zama ruwa, sai dai ta koma iska, irin wadda ke fita daga hancin dabba. Ana ajiye ta a tsakiyar farin ƙyalle a inuwa, a dakata awa ɗaya ko biyu. Kaska sai ta kawo kanta.

Ta biyar ita ce saniyar gwaji. A cire mata kaska duka, a kai ta kiwo wuri ɗaya tak, da yamma a ƙirga abin da ta kwaso. Gobe a kai ta wani wuri. Ta haka ake gane makiyayar da ta fi hatsari.

Duk kaskar da aka kama ana sa ta a ƴar kwalba mai alkwal irin na likita. A manna takarda, a rubuta rana, da sunan wuri, da irin dabba. Yanzu salula tana nuna daidai wurin da mutum yake tsaye, sai a ɗora shi bisa taswira. Daga nan sai ɗakin bincike, inda ake duba kowace kaska da madubin likita. A Yamai akwai babban ɗakin binciken cututtukan bisashe mai suna LABOCEL.

Abin da aka gano a Bobo

A Bobo-Julaso ta ƙasar Burkina Faso akwai cibiyar binciken kiwo mai suna CIRDES. Nijar tana cikin ƙasashen da suka haɗu suka kafa ta. Can wani likitan bisashe Bafaranshe, Frédéric Stachurski, ya bi shanu kiwo yana lura da mai zanen baya. A shekara ta 2000 ya bayyana abin da ya gani. Da rana, lokacin da saniya ke kiwo, kaskar ba ta zuwa hantsa kai tsaye. Tsakanin kofato take fara kamawa, ta laɓe nan. Sai dare ya yi, saniya ta kwanta, sannan ta saki ƙafa ta tafi hantsa da ƙirji ta kafa baki.

Daga wannan aka samo dabara mai sauƙi. Aka gina ɗan kwarmi na siminti a ƙofar garke, aka zuba ruwa da maganin kaska. Da yamma in shanu sun komo, sai su bi ta ciki ɗaya bayan ɗaya, kowane kwana 2 ko 3, cikin makonnin farkon damana. Magani ya cim ma kaska tun tana ƙafa. Aikin ya yi sauri, maganin da ake kashewa kaɗan ne in an gwada da wanke dabba duka. Hausawa dama sun ce kaska za ta mutu da haushin kifi. Ga shi a Bobo ruwa ya zama ajalinta.

Wannan dabarar ba ta kowace kaska ba ce. A 2007 aka gano wata sabuwar kaskar shanu a Kodebuwa, wadda ta shigo tare da shanun da aka sayo daga Brazil. Daga baya aka same ta a Benin, da Togo, da Mali, da Burkina Faso, da Najeriya. Tana hayayyafa da sauri, kuma a wurare da yawa magungunan da aka saba ba su kashe ta. Garkunan Nijar da yawa suna cin rani a kudu, su komo da damana. Shi ya sa duba bisashe a burtali da kasuwannin kan iyaka yake da muhimmanci.

Rabon makiyayi cikin aikin

In masu bincike sun sauka a ruga, kada a ɓoye musu garke. Ba ƙirgar jangali ta kawo su ba. A nuna musu wuraren da ake zargi, a faɗa musu watan da kaska ke tsananta. Wanda ya ga baƙuwar kaska, ko ya sa magani bisa ƙa'ida ta ƙi mutuwa, ya sa ƴan kaɗan a kwalba ya kai ma'aikatar kiwo mafi kusa.

Mai cire kaska kuma ya kiyaye kansa. Kada ya fasa ta da farce ko haƙori, don jinin da ke cikinta yana iya ɗauke da cuta. Ya jefa ta cikin wuta ko kananzir, ya wanke hannu da sabulu. Wanda ya shiga duhun ciyawa ya duba jikinsa da na yara da yamma. In zazzaɓi mai zafi ya biyo bayan cizon kaska, a tafi likita ran nan, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa kaska ce ta ciji mutumin.

Kafin ruwan farko ya sauka, ya kamata makiyayan kowace ruga su zauna da dattawansu, su lissafa fadamu da inuwoyin da kaska ta fi yawa a cikinsu bara. Wanda ya iya rubutu ya rubuta sunayen, a ajiye takardar. Ranar da likitan bisashe ya zo, da ita za a fara magana.