Shirin Musamman: Mai Son Riƙon Tsohuwar Mota, Daga Ina Zai Fara?

Jama'a masu saurarenmu a birnin Gusau, da Tsafe, da Bungudu, da sauran garuruwan da muryar nan take kaiwa, mas'alar da muka ɗauko yau ta shafi dukiya, ta shafi tarihi, ta kuma shafi wani ilimi da yake neman kuɓuce mana, wato sha'anin tsofaffin motoci na alfarma, da abin da ya wajaba a kan mutumin da sha'awarsu ta kama zuciyarsa, har ya ƙudura niyyar mallakar ɗaya.

Turawa suna da wani jinsin mota da suka keɓe, ƙarama mai kujera biyu, wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ba a ƙera ta don iyali ko kaya ba sai don gudu da jin daɗin tuƙi, kamar MGB da aka yi ta ƙerawa a Ingila daga 1962 zuwa 1980, ko Datsun 240Z ta Japan; idan irin wannan ta tsufa, sau da yawa maimakon darajarta ta faɗi sai ta hau, masu ita kuma su kafa ƙungiya suna taruwa a kanta. To, amma wanda ya san ramukan hanyoyinmu ya san cewa mota mai jan ciki ba ta wannan ƙasa ba ce. Tamu ita ce Peugeot 404 da ƙanwarta 504, kuma kada wani ya zaci ba su da nasaba da fagen tsere. A gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake ratsa laka da duwatsu da ƙura kwana da kwanaki, 404 ta zo ta ɗaya har sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. 504 ta ci a 1975 a hannun Ove Andersson. Sa'an nan a 1978 'yar uwarta mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana wa jiki, ta sake ci a hannun Jean-Pierre Nicolas. Abin da ya ba su nasara a dajin Kenya, wato tsawon ƙafa da taushin tafiya da injin da ba shi da rikici, shi ne dai abin da ya sa suka zauna da gindinsu a ƙasar Hausa.

Tun daga 1975, lokacin da masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, har zuwa wajen 2006 da aka daina yin 504 a can, babu wata mota da ta shiga rayuwar mutanen wannan yanki kamarta. Ita ce motar gwamnati a zamanin da Gusau take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1 ga Oktoba, 1996. Ita ce motar alƙali da hakimi da shugaban makaranta. Doguwarta ce take kwasar fasinja daga Gusau ta bi ta Kwatarkwashi da Tsafe zuwa Funtuwa da Zariya, ko ta yi yamma ta Bungudu da Talatar Mafara zuwa Sakkwato. Akori-kurarta kuwa, Allah kaɗai ya san yawan auduga da gyaɗa da hatsin da ta kai kasuwa. Yau ga su nan a bayan gareji da zaurukan gidaje, tayoyi sun nutse a ƙasa, awaki na kwana a ƙarƙashinsu, har ranar da 'yan gwangwan za su zo su yanka su, su auna a sikeli. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai, domin ƙarfen da aka narkar ba ya dawowa.

To, wanda ya yi azamar ceto ɗaya daga cikinsu, daga ina zai fara? Abin da nake gani, kuma a kansa nake so in tsaya, shi ne kada ya fara da neman mota. Ya fara da neman mutum. Motocin zamani kwamfuta ce take tafiyar da su, kwamfuta ake jona musu ta faɗi ciwonsu, saboda haka yaran da suke koyon gyara yau da yawansu ba su taɓa kwance kafireta ba, ba su taɓa saita kwantak ba. Ilimin 504 kuwa a ƙirjin dattawan makanikai yake, waɗanda suka karɓe shi hannu da hannu daga iyayen gidansu, su ma daga nasu; ba a rubuce yake ba, kuma duk wanda Allah ya karɓi ransa daga cikinsu, da nasa kason yake tafiya. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka je garejin irin wannan dattijo, ka same shi a inuwar dogonyaro, ka ga yadda yake ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya runtse ido, ya gaya maka daga wane fistan ƙarar take fitowa. Ka ga yadda yake zaro fulogi ya juya shi a rana, idan bakinsa ruwan ƙasa ne ya mayar, idan ya yi baƙin toka ya ce fetur ya yi yawa, idan kuwa ya jiƙe da baƙin mai ya girgiza kai, don ya san ringi ya tafi. Ka durƙusa ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Baba, an yi mini tallar wata a Tsafe, ina so ka raka ni." Abin da zai fara gaya maka shi ne, "Ɗana, aika musu kada su tayar da ita sai mun iso. Da sanyin safiya mota take faɗin gaskiya."

Hikimar wannan magana a fili take, domin injin da ya ɗumama yana ɓoye aibinsa. Idan aka murza makulli a gabanku, sai a dubi hayaƙin salansa: shuɗi alamar tana ƙona baƙin mai, baƙi alamar tana shan fetur fiye da kima, fari mai kauri wanda bai yanke ba kuwa alamar ruwa na shiga inda bai kamata ba. Amma inji, duk lalacewarsa, ana sauke shi a gyara. Abin tsoro shi ne tsatsa. A nan Allah ya yi mana falala, don busasshiyar iskarmu tana adana ƙarfe, saɓanin Ikko da Kwatano inda gishirin teku yake cinye mota tun daga ƙasa. Duk da haka sai a ɗaga shimfiɗar ƙafa, a leƙa ƙasan but, da gindin batir, da ƙasan ƙofofi, a kuma bi jikinta da ɗan maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa, to ciko ne aka yi aka shafe da fenti. Mai sayen doki haƙori da kofato yake dubawa kafin ya dubi sirdi.

Sai kuma hukuncin cinikin kansa, wanda mutane suke sakaci da shi alhali shi ne mafi nauyi. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, tun daga abin da almajiri yake karantawa a babin ciniki na Risala, sun tabbatar da cewa algus haramun ne, ɓoye aibi haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa, yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa. Saboda haka a rubuta yarjejeniya, a kafa shaidu, a biya dillali la'adarsa a sarari, a gwada lambar da aka buga a jikin motar da wadda take a takarda, idan kuma ta shigo ta iyaka ne, ta Jibiya ko Illela, a nemi takardar kwastan. Akwai wata daƙiƙar mas'ala da ta keɓanta da tsofaffin motoci, ita ce ta gado. Mafi kyawunsu su ne waɗanda wani tsohon ma'aikaci ya lallaɓa shekara da shekaru, ya rasu ya bar su a rufe da tamfol. Sau da yawa kuwa ɗa guda ne zai fito ya ce zai sayar, alhali akwai matan mamaci, akwai 'ya'ya mata da suke gidajen aure, la'alla ma akwai marayun da ba su balaga ba. Kada araha ta ruɗe ka. Ka tabbatar an raba gado, ko dukan magada sun yarda, waliyyin marayu kuma ya sa hannu, don babu wani daɗin tuƙi da ya kai a haɗiye haƙƙin maraya saboda shi.

Kuɗin saye, jama'a, shi ne mafi ƙanƙantar abin da za a kashe. Shawarata ita ce wanda ba zai iya ajiye kwatankwacinsa a gefe don gyara ba, bayan ya sauke nafaƙar iyalinsa, ya haƙura tukuna, musamman tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, ga shi kuma mai kafireta ba ta san tsimi ba. Sha'awa halal ce, amma tsakaninta da israfi da riya tazarar kaɗan ce. Idan an fara gyara, a bi tertibi: birki, sitiyari, taya, lagireto, wayoyin wuta, fenti a ƙarshe. Zafin bazararmu yana busar da duk wata roba, don haka a canja tiyo da fanbel ko da ido ya ga kamar lafiyarsu lau. Taya kuma a karanta lambobi huɗun da suke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Abin da aka rasa a Gusau akan same shi a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Game da masu cire injin asali su dasa na wata motar Japan, wanda yake neman abincin iyalinsa da ita yana da uzuri. Amma wanda ya saya don adanawa, in ya yi haka ya rushe abin da ya zo ginawa. Duk ƙarfen da aka cire, a wanke a ajiye.

Ba zai yiwu in rufe baki ba tare da ambaton halin da hanyoyinmu suke ciki ba, domin motar da takan tsaya ba zato, a kan hanyar Tsafe da yamma, ba lalacewar mota kawai ba ce, kasada ce da rai. A fara gwada ta cikin gari, daga Tudun Wada zuwa Samaru a dawo, mako bayan mako, ana lura da allurar zafi. In ta yi biyayya, a kai ta Bungudu da hantsi a juyo kafin la'asar. Tafiya mai nisa kuwa sai da rana tsaka, sai da abokin tafiya a wata motar, bayan an tambayi direbobin tasha labarin hanya, su da suke bin ta kullum. A but kada a rasa jarkar ruwa, da galan na baƙin mai, da fanbel, da fulogi, da kwantak, da igiyar ja, da tayar safaya mai iska.

A nan za mu dakata. Allah ya kiyaye hanya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.