Ranar Da Muka Kai Yaranmu Calawa A Jirgin Ƙasa

Wata rana a shekara ta 2015 muna koyar da labarin ƙasa a aji biyar, muka zo kan yadda gyaɗar Kano take kai wa bakin teku a zamanin da. Muka ce, "Wa ya taɓa shiga jirgin ƙasa a cikinku?" Cikin yara talatin da huɗu, hannu biyu kaɗai suka tashi. Da muka bi diddigi, ashe ɗayan ma a talabijin ya gani. Abin ya ba mu kunya ƙwarai. Daga Kwaciri, inda makarantarmu take, zuwa tashar jirgin Kano ba wata tafiya ba ce. Yawancin yaran nan kuwa jikokin mutanen da jirgin nan ya kawo Kano ne.

Mai karatu, kada ka ɗauka mun faɗi haka don daɗin baki. An fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Tsawon hanyar mil 356. Dogo ya iso Kano a watan Maris na 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, bayan an haɗa shi da na Ikko a Minna. Shekara guda bayan haka, watau 1913, aka yanka Sabon Gari domin baƙin da suka biyo jirgi: akawuna, makanikai, kafintoci da 'yan kasuwa daga Kudu, har da mutanen Saliyo da na ƙasar da ake kira Gana yanzu. Su ne suka kafa majami'u na fari a wannan gefe na gari. Turawa auduga suka sa rai jirgin zai kwasa, amma manoman Kano suka duba inda riba take, suka zaɓi gyaɗa. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, da sunan attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Duk wannan yana cikin littafi, yara kuma sun haddace shi domin jarrabawa. Amma gani ya kori ji. Muka shirya mu kai su Calawa, kudu da birni, a ɗan gajeren jirgin nan da kan ɗauki masu yawon buɗe ido a lokacin bukukuwa, ya je ya komo a yini ɗaya.

Ba a sha da sauƙi ba wajen iyaye. Kowa ya san abin da Sabon Gari ta gani a 2013 da 2014, ba wanda yake son ɗansa ya shiga taro. Wata uwa ta ce mana, "Malam, in labarin jirgi ne, ku zana musu a allo mana." Ba mu ga laifinta ba. Sai da muka bi gida gida, muka yi alkawari kowane malami zai riƙe yara shida, ya san sunansu, ya ƙidaya su a kowace tsayawa. A ƙarshe yara ashirin da uku aka bari.

Sa'ar da muka yi ita ce wani dattijo na ikilisiyarmu, wanda kowa yake ce masa Baba. Ya shiga aikin reluwe yana saurayi, ya yi shekaru yana zuba kwal a injin hayaƙi kafin ya zama direba. Da muka roƙe shi ya raka mu, bai ce kome ba, ya shiga ɗaki, ya fito da tsohuwar hularsa ta aiki, ya kaɗe ƙura.

Muka isa tasha da sassafe, hunturu ya sauka, hazo ya rufe gari. Abu na fari da muka yi shi ne neman shugaban tasha, muka gaishe shi, muka nemi izinin ɗaukar hoto. Wannan wajibi ne. Tashar jirgi wurin gwamnati ce, akwai masu tsaro, wanda ya zaro kyamara ba sallama yana iya kwana yana bayani. Ya nuna mana inda za mu tsaya da inda ba za mu taka ba. Kayan aikinmu kuwa ba su taka kara sun karya ba: wata ƙaramar kyamara da muka aro, da wayoyin hannu na malamai uku.

Kafin jirgi ya shirya, wani ma'aikaci ya kai mu wani layi na gefe da ciyawa ta cinye, ya bar yara suka auna tsakanin ƙarfe da ƙarfe da tef ɗin tela. Suka sami ƙafa 3 da inci 6. Baba ya ce haka yake tun daga nan har Ikko, kilomita 1,126, haka kuma reshen Nguru da aka gama a 1930, da na Ƙauran Namoda na 1929. Wata yarinya ta ce, "Baba, to in wani wuri ya fi wani faɗi fa?" Ya ce, "'Yata, ran nan jirgi ya sauka ƙasa ke nan. Shi ya sa leburorin dogo suke bin layi da ƙafa, suna duba kowace kusa." Wannan amsa ta zauna wa yara fiye da dukan abin da muka rubuta a allo cikin zangon nan.

Da kan jirgi ya zo ya haɗu da taragai, ƙarar ƙarfen ta sa ƙananan suka ruga bayanmu. Injin dizal ne. Baba ya dube shi kamar yadda mai doki yake duban babur. Ya ce a zamaninsa tun dare ake hura wuta, da kwal ɗin da ake haƙowa a Inugu, sai ruwa ya tafasa tururi ya taru kafin ƙafa ta motsa. Mai zuba kwal ba ya hutawa, shebur a hannu, wuta a gaba, iskar hunturu a baya. Kowace 'yar tafiya sai an tsaya a sha ruwa, shi ya sa ake ganin manyan tankuna a tsofaffin tashoshi. Injinan dizal sun fara shigowa a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, sannu a hankali suka ture na hayaƙi.

Jirgi ya yi kuka, ya ja. Kai, ka ga murna! Tarago ya cika maƙil da iyalai, Musulmi da Kirista, ga masu tallar gyaɗa da rake suna ratsawa. Wanda ya saba bin Kano a mota bai san bayanta ba. Jirgi yakan bi ta bayan gidaje, ka ga mata suna shanya, ka ga awaki a kan juji, yara suna bin mu da gudu suna ɗaga hannu. A mahaɗar titi motoci da 'yan adaidaita sahu suka yi cirko-cirko suna jiranmu, abin da ya fi kome burge 'yan ajinmu ke nan. Muka wuce masana'antun Sharaɗa, gidaje suka fara raguwa, sai karan dawa da aka tara a gonaki, da kukoki tsirara cikin hazo.

A nan muka koyi ɗaukar hoto da kuskurenmu. Duk abin da muka ɗauka ta taga na kusa da layi ya fito a dagule, gama jirgi yana gudu yana kuma rawa. Abin da yake nesa shi yake fitowa sarai. Hazon da muka yi ta kuka da shi ashe alheri ne, domin yana tausasa rana, fuskoki su fito ba inuwa mai duhu. Wanda ya ɗauki mutum yana zaune jikin taga, haske na bayansa, baƙin gunki zai samu. Sai ka koma gefen tagar, haske ya faɗi a fuskarsa. In kana son kan jirgi ya fito, ka jira kwana, sa'ad da layi ya lanƙwasa, ka ɗauka daga cikin tarago. Kada kuma ka ɗauki matar mutum ko 'yarsa ba ka tambaya ba.

Wajen kwanan nan ne cikinmu ya ɗuri ruwa. Wani yaronmu ya karɓi wayar malaminsa, ya zura kai da kafaɗa waje don ya samo injin. Baba ne ya fizgo rigarsa, reshen ƙaya ya shafi tagar a daidai lokacin. Laifinmu ne, mu da muka ba shi waya muka juya baya. Baba bai daka masa tsawa ba. Ya zaunar da shi, ya ce, "Ɗana, ni na tuƙa wannan abu. In na ga mutum a kan layi na taka birki, sai na wuce shi da nisa kafin in tsaya. Jirgi ba ya kaucewa." Tarago ya yi tsit. Muna roƙon iyaye su maimaita wa samarinsu wannan, musamman masu hawa rufin tarago ran biki, da masu tsayawa tsakiyar dogo suna ɗaukar kansu hoto.

A Calawa aka kwance kan jirgi, ya zagaya ta layin gefe ya koma ɗaya ƙarshen. A nan muka sami hotunanmu mafi kyau, gama kome a tsaye yake, ƙasa kuma ba ta rawa. Muka ci abincin da muka ƙunso, Baba ya tsaya kusa da injin da hularsa, yara suka kewaye shi, aka ɗauka. Da la'asar muka komo, muka ƙidaya ashirin da uku, muka miƙa kowa ga uwarsa.

A wasu ƙasashe irin wannan fita sana'a ce sosai. A Wales ta ƙasar Birtaniya akwai wani ɗan layi mai suna Talyllyn, mil 7 da 'yan kai. Da aka tashi rufe shi, masu sha'awar jirgi suka karɓe shi a 1951, suna tafiyar da shi da aikin sa kai, mutane suna biya don su hau su ɗauki hoto. Mu ma mun taɓa yin ƙaramin layi irin wannan, daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, wanda ya kwashi kuza tun daga 1914. Aka rufe shi a 1957, aka tumɓuke ƙarafan. Wanda yake son ganin abin da ya rage sai ya je gidan tarihi na Jos. A ganinmu an yi hasara a nan, domin jirgin da yake hawa duwatsun Filato da yanzu baƙi suna layin tikitinsa.

Tsohon layin Kano ma zamani yana tafe masa. An buɗe sabon dogo mai faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi tsakanin Abuja da Kaduna a 2016. A 2021 aka ƙaddamar da aikin na Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina. Taragon da muka hau ba zai iya taka sabon layi ba, ƙafafunsa sun yi masa kaɗan. Iyalin da suke son yaransu su ɗanɗana tsohon jirgi, sai su je tasha su tambayi ranar da yake tashi, gama ba kullum ba ne, su kuma tafi da tsohon da ya san shi in suna da shi.

Hotuna sama da ɗari biyu muka ɗauka ran nan. Waya ɗaya ta faɗa ruwa, ɗaya aka sace a kasuwa, ta ukun aka sayar ba a kwashe kome ba, mai kyamara kuma ya goge katinsa don bikin ƙanwarsa. Abin da ya tsira guda goma sha biyu ne, waɗanda muka kai aka wanke a wani shago a Sabon Gari cikin makon nan, muka rubuta rana da sunaye a bayansu. Baba ya rasu bayan shekara uku. Da iyalinsa suka nemi hoton da za a sa a takardar jana'iza, ba su sami ko ɗaya na shekarunsa na aiki ba, sai namu na Calawa. Muka ba su, muka sake wanke wani daga jikinsa, yana nan rataye a aji biyar kusa da taswirar Nijeriya. Yaron da aka fizgo daga taga shi ne na biyu daga hagu.