Garkar Inabi Bayan Barin Aiki

Kowane malami da ke cikin wannan kwaleji, ko ba daɗe ko ba jima, ranar ajiye alli tana zuwa. Waɗansu su kan koma ciniki, waɗansu kiwon kaji. Ni kuwa inabi na dasa a bayan gidana, gindi 40. Tun da abokan aikina na dā suna yawan tambayata yadda sha'anin ya ke, na ga ya kyautu in bayyana a nan don kowa ya samu.

Kada mutum ya jira sai an miƙa masa takardar fensho kana ya fara, gama da sanyin safiya a kan kama fara. Inabi ba tumatir ba ne da za a dasa yau a ci bayan wata uku. Reshe a ke yankowa mai ido uku ko huɗu, a kafa shi a cikin ƙasa ya yi saiwa. Shekarar farko duk a kan ƙare ta wajen renon gindi, ana ɗaure shi a jikin sanda har ya kai bisa rumfar da aka yi masa da waya. Sai a shekara ta biyu ko ta uku za a ga 'ya'yan kirki. Amma in ya kama, ya kan yi shekara ashirin ko fiye yana bayarwa. Ginin ramuka da kafa rumfa su ne aikin ƙarfi, ya kamata a gama su tun da sauran albashi da sauran ƙarfin gwiwa. Abin da ya rage bayan wannan aikin ido ne da almakashi, wanda tsoho ya fi yaro iyawa.

To, ga inda wuyar ta ke. Asalin wannan itace daga ƙasashen sanyi ne, wajen tsakanin Bahar Aswad da tekun Kasfiyan. A ƙasar Jojiya an tono tuluna waɗanda aka zuba giyar inabi a ciki shekara wajen 8,000 da suka wuce. A can, da Faransa da Italiya, in sanyi ya shigo sai itacen ya zubar da ganye ya yi barci, in ɗumi ya dawo ya farka ya yi fure. Sanyi ne ke tsara masa shekara. A ƙasarmu kuwa ba sanyin da ya isa ya sa shi barci, sai ya yi ta yaɗo, ganye kore shar, ba ɗa ko ɗaya. Mutane da yawa sun dasa sun sami inuwa kawai, suka ce ƙasar ce ba ta karɓe shi ba.

Alhali kuwa ta karɓa. Wanda ya je Kudan da Hunkuyi, kusa da Zariya, zai ga gonaki na inabi sosai, ana ɗauka ana kai wa manyan birane. Dabarar ita ce manomi ya tsaya a madadin sanyi, watau ya yi wa itacen aski sau biyu a shekara. 'Ya'yan inabi a jikin sabon toho su ke fitowa, wanda ya tsiro daga reshen da ya riga ya ƙosa. Saboda haka bayan an tsinke 'ya'ya sai a datse rassa ƙwarai, a bar ido ɗaya ko biyu, don sababbin rassa su fito su ƙosa cikin damina. In damina ta ja baya sai a yi aski na biyu, a bar idanu da ɗan yawa, a zuba taki, a yi ta ban ruwa. Daga nan wata huɗu ko da ɗoriya 'ya'ya sun nuna, cikin rani, ba ruwan sama da zai fasa su. Wanda ba shi da rijiya mai ruwa har bazara, kada ma ya fara.

Damina ita ce abokiyar gaba. Laima ta kan kawo fumfuna a bayan ganye, ganyen ya ƙone ya zube. A 1885 wani malamin jami'a a birnin Bordo na Faransa, Milarde, ya bayyana maganinta: gishirin tagulla mai launin shuɗi a haɗa da farar ƙasa da ruwa a fesa. Har yau ana aiki da shi. Waɗanda gidajensu ke kudu, inda ruwa ya ke yin wata takwas, wahalarsu za ta fi, ba na ba su shawara su zuba kuɗin sallamarsu a ciki. Sai kuma gara a gindi, da tsuntsaye in zaƙi ya fara shiga. Kada a yi gaggawar tsinka don tsoronsu, domin inabi ba kamar ayaba ba ne, in an cire shi ba ya ƙara zaƙi.

Saura maganar giyarsa, wadda Turawa da yawa ke dasa shi dominta in sun bar aiki. Musulmi addini ya hana su sha, Kirista kuwa waɗansu suna amfani da ita wajen Jibin Ubangiji. Yadda a ke yin ta dai ilmi ne da ya kamata kowane malamin kimiyya ya sani. Mai burkutu sai ya jiƙa dawa ta tsira kafin ya sami zaƙi, amma inabi da sukarinsa ya ke zuwa, kamar ruwan bammi. A kan matse shi a zuba a mazubi, yisti ya cinye sukarin, ya mai da shi barasa da iska mai kumfa. Louis Pasteur ne ya tabbatar, tun daga 1857, cewa aikin ƙananan halittu masu rai ne. Jan launi kuwa daga ɓawo ya ke, ruwan cikin yawancin inabi fari ne.

A ganina, wanda ya yi niyyar wannan a ƙasarmu ya ɗauko babban kaya. Irin da mu ke dasawa na ci ne, mai manyan 'ya'ya da ruwa da yawa. Na giya ƙanana ne, masu kaurin ɓawo, sun fi sukari. Ga shi kuma nunar inabinmu tana kai wa bakin bazara, yisti kuwa ba ya jimre zafi mai tsanani, ya kan mutu aiki bai ƙare ba. In iska ta shiga mazubin, waɗansu ƙwayoyin su kan mai da barasar ruwan tsami, wanda Larabawa ke kira khal.

Nawa inabin ci mu ke yi da iyali, mu sayar da saura tun a gindi. Wanda ya yi kwantai sai mu shanya a tabarma mu rufe da gidan sauro saboda ƙuda, ya zama zabibi. Kilo huɗu na ɗanye ya kan ba da wajen kilo ɗaya, kuma ya kan yi watanni a cikin kwalba bai lalace ba.