Injin yankan katako mai ƙwaƙwalwa: kar ka yi saurin cewa solenoyid ya mutu

Ina gyaran janareto da injin yankan katako a kusa da kasuwar katako ta Bodija, Ibadan. Kwanaki wani ɗan'uwa mai sare bishiyoyi a gonaki ya kawo mini Stihl MS 661 C-M, tokumbo, kwana uku ba ya aiki, ga mai gona yana neman ba wa wani kwangilar. Ya ce, "Malam, na nemi sukurun da zan ƙara mai, ban gani ba."

Ba zai gani ba. Tsohon MS 070 da muka saba da shi, da sukudireba ake saita kafiretonsa. Amma irin M-Tronic na Stihl da AutoTune na Husqvarna ba su da sukurun H da L. Wata 'yar ƙwaƙwalwa ce ke bin gudun injin, tana umartar ɗan bawul mai aiki da lantarki, wato solenoyid, ya riƙa buɗewa da rufewa da sauri don auna man da ke shiga. Babu batir, maganaɗisun fulawil ne ke ba da wutar.

Abin da aiki ya koya mini shi ne, ƙwaƙwalwar ce ƙarshen abin zargi. Ga yadda nake bi.

Da farko mai. Zubar da na tankin, ka haɗa sabo: mililita 100 na man tu-sitirok mai kyau cikin lita 5 na fetur, wato 50:1. Man jarka da ya daɗe, ko mai ruwa da yashi, shi ke cinye bakin solenoyid. Canza filtar mai, wanke ta iska.

Sai fulogi. In ya fito jiƙe kuma baƙi, ga hayaƙi, injin na mutuwa a silo, to mai ya yi yawa. Wataƙila solenoyid ba ya rufewa sosai. In ya fito fari a bushe, injin na ihu, sarƙa na juyawa ba ka taɓa komai ba, kashe shi nan take. Iska ce ke satar shiga ta fasasshen tiyo ko sil, ko kuma mai ba ya isowa. Ka ci gaba da aiki haka, fistin zai kama.

Sannan wayoyi. Girgiza tana sassauta su, danshin damina na sa musu tsatsa. Sai duk waɗannan sun fita lafiya nake canza solenoyid.

Bayan gyara a sake saiti. A sabbin M-Tronic: tayar da shi liba na kan alamar ▲, birkin sarƙa a kulle, bar shi daƙiƙa 30 zuwa 60 ba ka taɓa totur ba. Saki birkin, riƙe injin da hannu biyu, danne totur har ƙarshe aƙalla daƙiƙa 30. Gudun zai yi ta hawa da sauka. Da ya faɗi sosai, saki. Tsofaffin samfura hanyarsu daban, duba littafin injinka.

Na ɗan'uwan nan fa? Filta ce ta toshe da laka, ga waya ɗaya ta kwance. Washegari ya koma gona, da sabuwar jarka da mazurari mai rariya.