Kafin mu buɗe akwati don tafiyar ƴaƴanmu

Ranar wata Laraba muna zaune kan tabarmi ana zubi, sai wata ƴar ƙungiyarmu ta miƙo salularta hannunta na rawa. Ɗiyarta da ke karatu a jami'a ce aka aiko wa saƙo ta WhatsApp, wai an zaɓe ta zuwa taron shugabancin matasa na duniya a Kanada. Jirgi kyauta, masauki kyauta, sai dai ta tura jika 150 na rajista cikin kwana uku. Uwar ta ce: "Ƴan uwa, ku ranta mini, in ya so in saida tumakina in biya."

Wallahi mun yi guɗa, har masu makulli sun fara laluben bakin zane. Shugabarmu ce ta tsaida mu, ta ce: "Yaya, abin alheri ne, amma akwatin nan gumin mace 25 ne. Mu kwana mu tambaya."

Washegari yarinyar ta kai saƙon wajen wani malaminta. Tambaya ɗaya ya yi mata: yaushe kika cika takardar neman zuwa? Ba ta taɓa cikawa ba. Da suka bi lambar da za a tura kuɗin, ashe ta wani mutum ce kawai. Haka Allah ya tsare mana kuɗinmu.

To, kada wannan ya sa mu ce duk ƙarya ce. Tarukan gaskiya suna nan. Akwai One Young World, wanda aka fara a Landan a 2010, aka yi shi a Johanasbag ta Afirka ta Kudu a 2013, a Montreyal ta Kanada a 2024. Matasa daga ƙasashe fiye da 190 ke haɗuwa su tattauna kan ilimi, lafiya, zaman lafiya da sauyin yanayi. Da yawansu ma'aikatunsu ke biya musu, wasu kuma suna samun tallafi bayan sun nema an tace su. A 2014 kuma Amurka ta fara shirin Mandela Washington, na matasan Afirka masu shekara 25 zuwa 35, horon sati shida a jami'o'inta. Ba a taɓa biyan ko dala don neman shiga ba.

Abin da masu zaɓe ke dubawa shi ne aikin da yaro ya yi wa mutanensa. Kun ga nan muna da abin faɗa. Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara ta a 1991, yau ga irin tsarin ya bazu ƙasashe da dama. Yarinyar da ke riƙe mana littafin zubi, ko take koya wa ƙannenta karatu da marece, ta riga ta fara shugabanci. Sai ta rubuta hakan a takardar nema ba tare da jin kunya ba.

Ko an ɗauki nauyin tafiya, akwai kashe-kashen da kan faɗo kan gida: fasfo, hotuna, katin rigakafin shawara, kuɗin mota zuwa Yamai da cin abinci a can. Bizar yawancin ƙasashen Turai ma yuro 90 ce, kusan jika 59, kuma in an hana ba a maido kuɗin. Irin wannan ne ƙungiya za ta iya rantawa, a rubuta a littafi, a sa ranar biya kamar kowane bashi.

Daga ranar nan muka sa wa kanmu doka. Kafin a taɓa akwati don tafiya, sai an san yarinya ta nema da hannunta, wani malami ya duba takardar gayyata, mun san wanda zai tarbe ta da inda za ta kwana, mun ga ranar dawowa a tikiti. Fasfo kuma ba a ba wani ɗan tsakani ya riƙe. Duk wanda ya ce a yi sauri kada a gaya wa kowa, mun gama da shi.

Mun san fargabar iyaye maza, mu ma muna da ita. Ɗiya mace, ƙasa mai nisa, ga maganar mutane. Shi ya sa muke cewa a zauna da maigida tun ranar da za a cika takarda, kada ya ji labari bayan an zaɓe ta.

Ita dai yarinyar ba ta karaya ba. Bana malamin nan ya taimaka mata ta cika takardar wani taro na gaskiya, ta ba da labarin yadda take karanta wa ƙungiyarmu lissafi ranar rabo. Muna jiran amsa. In ta dace, sharaɗinmu guda ne: in ta dawo ta zauna kan tabarmar nan ta faɗa mana da Hausa abin da ta koyo. Allah ya ba ƴaƴanmu sa'a.