Fi'ilan Turanci Masu Nuna Haske Da Ɗumi

Sa'ad da aka rarraba mu makarantun ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa domin gwajin koyarwa, mun sa yaran babban aji su rubuta labarin ranar da suka fi murna. Wani yaro mai ƙoƙari ya rubuta cewa da ya kai wa mahaifinsa sakamakon jarrabawa, "my father glared at me." Nufinsa fuskar tsohon ta yi haske don murna, abin da ya rubuta kuwa shi ne uban ya harare shi. Da muka bi sawu, ashe laifin namu ne, gama mu muka jera musu fi'ilai goma a allo, muka fassara kowanne da "haske". Yaron da aka koya wa haka zai yi ta zubar da maki, bai kuwa san dalili ba.

Abin mamaki, a Hausa ba mu yin wannan kure. Ba mai cewa garwashi yana walƙiya, ko tauraro yana ci balbal. Muna da sheƙi, da ƙyalli, da ƙyalƙyali, da annuri, kowanne da muhallinsa. Malamanmu na zaure ma sun nuna mana Larabci ya raba "liya'u" na rana da "nuru" na wata. To, Turanci haka yake, kuma tambayoyi uku sun isa su shiryar da mai koyo.

Ta farko, hasken nan na mai shi ne, ko kuwa aro ne? Rana da wuta da fitila daga jikinsu yake fitowa, sai a ce "emit", ko "give off", ko "radiate". Hasken rana yakan yi tafiyar kilomita wajen miliyan 150 cikin minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mu. Wata kuwa ba shi da nasa, na rana yake mayarwa, watau "reflect". Kalmar "shine" ita ce uwa, ta ɗauki rana ta ɗauki wata. Abin da aka goge, kamar tasa, shi ke "gleam", sheƙi ke nan. Abin da ya jiƙe, kamar ganyen masara a gonakin Sabuwa bayan ruwa ya ɗauke, shi ke "glisten". Ruwan madatsar Mairuwa da hantsi, sa'ad da iska ta kaɗa shi, shi ke "glitter" ko "sparkle". A lura, fari daban, sheƙi daban. Farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara fara ce fat, amma ba ta sheƙi. Irinta ake yin tangaran da ita, sai an gasa an shafe shi sa'an nan a ce "gleam".

Ta biyu, hasken a tsaye yake, ko rawa yake yi? Garwashi, da ƙarfen da maƙeri ya zaro daga wuta ya yi jajir, haskensu a natse yake, babu harshen wuta. Wannan shi ne "glow". Wutar daji da kaka, mai ci ganga-ganga, "blaze". Fitilar aci-balbal da iska ke neman kashewa, "flicker". Walƙiya, wadda kan zo ta wuce kafin ƙiftawar ido, "flash". Taurari kuwa "twinkle", ba don su ne ke rawa ba, sai don haskensu yana ratso iskar sama mai motsi, tana karkatar da shi nan da can.

Ta uku, hasken yana daɗin kallo, ko kashe ido yake yi? Rufin kwano da tsakar rana cikin bazara shi ke "glare". Fitilar babbar mota da ta hasko mutum da dare a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, har ya rasa ganin gabansa, ita ke "dazzle".

Zancen ɗumi kuma, "radiate" ya fi dacewa. Asalinsa kalmar Latin ce, "radius", watau sandunan da suka fito daga cibiyar ƙafar keke suka bazu ko'ina. Haka bangon ɗaki ke sakin zafin da ya sha da rana bayan magariba. Daga tushen nan sunan rediyo ya fito, da na "radium", wanda Marie Curie da mijinta Pierre suka gano a Faransa cikin 1898. Hayaƙi da wari da ƙamshi, "give off" ake cewa a magana ta yau da kullum, "emit" kuwa ya fi yawa cikin littattafan kimiyya. "Exude" asalinsa gumi ne, abin da ke tsattsafowa a hankali kamar ƙaro a jikin itace.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Turawa ma sun aro fi'ilan nan sun ɗora wa mutum, kowanne ya tafi da halinsa. Mai fara'a ƙwarai "beams", amarya mai annuri "glows", dattijo mai kirki "radiates kindness", wanda ya amince da kansa "exudes confidence". Idon mai fushi "flashes". Da yake "glare" haske ne mai cutar ido, da aka ɗora shi a kan mutum sai ya zama harara. Nan yaronmu ya faɗi.

Sauran abu biyu na nahawu. "Emit", da "give off", da "exude" mai nuna hali suna bukatar maf'uli, sai an faɗi abin da aka fitar. "Glow", da "gleam", da "twinkle" ba su bukata. Sa'an nan "shine" in ya wuce yakan zama "shone", amma in goge takalmi ake nufi, "shined" ne.

Shawararmu ga 'yan'uwa masu shirin fita koyarwa ita ce, kada a jera kalmomin nan a allo. A kawo tasa gogaggiya da jiƙaƙƙen ganye cikin aji, a fita da yara su dubi rufin kwano, a sa su dubi murhu da taurari in sun koma gida. Su fara faɗin sunan abin da Hausa, sa'an nan a ba su na Turanci. Mun gwada haka mako guda, yaron nan kuwa da hannunsa ya soke "glared" ya rubuta "beamed". Allah ya ƙara mana basira, amin.